Talatar da Faifai Ya Riƙe Mu

Yau Talata, kuma ban kai ga kurɓar kokon safe ba wayata ta fara ruri. Ɗan hidimar ƙasar da aka turo ofishinmu ne, muryarsa a sama: "Yallaɓai, saba ta tsaya cak, ga jama'a sun cika bakin ƙofa, ko in kashe ta in sake kunnawa?" Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa maɓallin, ya ba mutane haƙuri, ya ba ni minti goma. Dalilina shi ne, kashewa da kunnawa kan lafar da matsala na ɗan lokaci, amma tana share duk wata shaida da za ta nuna abin da ya haddasa ta, sai a wayi gari ta dawo alhali ba a san ta inda ta shigo ba.

Uwar garken tamu, wato sabar da yake magana a kai, ba wata babba ba ce. Tsohuwar kwamfuta ce mai ɗauke da Debian, wani nau'in tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, firosesarta mai kawuna 4, ram ɗinta gigabait 8, faifanta kuwa irin na da ne mai juyawa, kuma a kanta rumbun bayananmu da shafin rajista suke zaune. Daga kan tabarma a tsakar gida na shiga cikinta ta mosh, manhajar shiga kwamfuta daga nesa wadda Keith Winstein ya fitar a jami'ar MIT a 2012, saboda sabis a unguwarmu yakan ɗauke ya dawo babu sallama, ita kuwa mosh ba ta yanke zama don hanya ta katse, sai ta jira ta ci gaba daga inda aka tsaya. A ciki na buɗe tmux, manhajar da ke rarraba allo, na raba baƙin allon gida uku.

Umarnin farko da na buga shi ne uptime, kamar yadda na saba. Ya ba ni lambobi uku na matsakaicin nauyin aiki, wato lodi: 14.20 a minti ɗaya da ya wuce, 11.80 a minti 5, da 7.50 a minti 15. Karanta su daga dama zuwa hagu ya nuna cewa lamarin ƙaruwa yake yi, bai fara sauka ba. A na'ura mai kawuna 4, duk abin da ya haura 4 yana nufin akwai ayyukan da ke tsaye a layi, don haka 14 ba ƙaramin layi ba ne. A kan wannan layin kuma akwai wani bayani da idona ya tsallake, wato cewa minti 52 kacal ke nan da kunnuwar na'urar. Da na lura da shi tun a lokacin, da na rage wa kaina rabin wahala.

Sai na buɗe htop, manhajar da ke nuna ayyukan da ke gudana, ina sa ran ganin sandunan firosesa huɗun sun cika maƙil da kore da ja. Ina da wata ƙauna ta musamman ga wannan manhaja. Kakarta, top, William LeFebvre ne ya rubuta ta a 1984, kuma har yau da wuya a sami na'urar Unix ko Linux da ba ta da ita, amma htop, wadda Hisham Muhammad ya fara a 2004, ita ce ta sa kallon ayyukan da ke gudana ya zama abin da ido ke iya ɗauka da sauri: launuka, tsarin bishiya idan an danna F5, jerawa da F6, aika sigina da F9. Na daɗe ina zaton mutumin Balarabe ne saboda sunansa, ashe ɗan Brazil ne. Tun daga 2020, da aka fitar da zubi na 3.0, gungun masu sa kai ne ke riƙe da ita, wanda shi ne alfanun manhajar da aka buɗe tushenta ga kowa, domin idan mai ita ya shagala da wasu ayyuka ba ta mutuwa a hannunsa.

Abin da na gani ya saɓa wa zatona. Sandunan huɗu kusan fayau suke, babu wadda ta kai kashi 15 cikin ɗari. Ga lodi ya kai 14, ga firosesa tana hamma. Da na duba ginshiƙin da ke nuna halin da kowane aiki yake ciki, sai na ga harafin D ya jeru a gaban ayyukan rumbun bayanai har guda goma sha wani abu. R na nufin aiki yana gudana ko yana shirye ya gudana, S na nufin yana barci na al'ada, D kuwa barci ne da ba a iya katse shi, wanda galibi jiran faifai ne ke jawo shi.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma ni ma na yi shekaru a cikin wannan ruɗu. A galibin sauran tsarukan Unix, lambar lodi takan ƙirga ayyukan da ke neman firosesa ne kawai. A Linux ba haka ba ne, domin tun 1993 wani gyara da Matthias Urlichs ya aika ya sa ana haɗawa da ayyukan da ke cikin halin D, kuma Brendan Gregg ne ya tono asalin wannan gyara ya bayyana shi a 2017. Ma'anar wannan ita ce, lambar tana faɗin tsawon layi ne, ba ta faɗin abin da ake jira. Kamar shagon hatsi ne mai masu awo huɗu da ƙofar sito ɗaya: idan wani ya tare ƙofar da buhunansa, layin masu saye zai kai bakin titi alhali masu awon suna zaune riƙe da mudu babu abin aunawa, kuma ƙaro mai awo na biyar ba zai rage mutum ko ɗaya daga layin ba.

Don in tabbatar, na buga vmstat 1 a ɗaki na biyu na allon. Layin farko na tsallake shi, tunda matsakaici ne tun daga kunna na'ura. Sauran layukan suka riƙa zubowa kowace daƙiƙa: ginshiƙin r na ayyukan da ke neman firosesa bai wuce 1 ko 2 ba, ginshiƙin b na ayyukan da aka tare yana yawo tsakanin 10 da 13, wa kuma, wato kason lokacin da firosesa ke zaman jiran faifai, yana sama da 70. Ginshiƙan si da so sifiri ne, saboda haka ba ƙarancin ram ne ya sa na'urar take kwashe kaya zuwa faifai ba. Na bi da iostat -xz 1, ɗaya daga kayan sysstat na Sébastien Godard, ya nuna faifan yana aiki kusan kashi 100 cikin ɗari na lokaci, kuma kowane karatu yana jiran sama da milisakan 300, alhali a ranakun lafiya bai fi 10 zuwa 15 ba. Saura in san wanda ya tare ƙofar. iotop -o, wadda ba ta buɗewa sai da ikon shugaban na'ura, ta fito da shi a saman jeri: rsync, mai aikin kwafin fayiloli, yana kwasar dubban takardun da muka ɗauki hotonsu zuwa faifan ko-ta-kwana.

Na yi shiru ina kallon allon, domin wannan aiki ƙarfe ɗayan dare aka tsara masa, kuma ni na tsara shi da hannuna. A nan ne minti 52 ɗin nan ya dawo mini. Na duba journalctl --list-boots, mai nuna lokutan kunnuwa da mutuwar na'ura, sai ga shi na'urar ta mutu wajen sha biyun dare, ba ta farfaɗo ba sai bayan ƙarfe bakwai na safe. An ɗauke wuta, batiran inbata da suka tsufa suka kasa kaiwa asuba, sai da mai gadi ya tada janareta sannan ta kunna kanta. Ni kuwa a agogon systemd na wannan aiki, wato abin da ke tada shi idan lokacinsa ya yi, na rubuta Persistent=true, wanda ke nufin idan lokacin aiki ya wuce na'ura tana kashe, to a yi shi da zarar ta tashi. Na'urar ta bi umarnina ne daidai, ta fara ramuwar aikin dare a daidai lokacin da jama'a suka fara rajista. Laifin nawa ne, babu wanda zan ɗora wa.

Ban kashe rsync ɗin ba. Na aika masa siginar STOP da pkill, wadda ke daskarar da aiki a inda yake ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Cikin daƙiƙu kaɗan haruffan D suka fara komawa S ɗaya bayan ɗaya, wa ya faɗo ƙasa da 5, lambar minti ɗaya ta fara gangarowa a hankali kamar yadda ta saba, tunda matsakaici ne ba ya faɗuwa lokaci guda. Na kira yaron na ce ya gwada shafin. "Ya buɗe, Yallaɓai, wallahi ya buɗe." Sannan na sha kokona da ya riga ya huce.

Da na isa ofis na same shi ya buɗe free -h, mai nuna yadda ake amfani da ram, yana nazari, ya ce shi a ganinsa ram ne ya ƙare, tunda abin da aka rubuta a ƙarƙashin free bai kai megabait 300 ba. Na ja kujera na nuna masa ginshiƙin ƙarshe, available, mai nuna sama da gigabait 5. Linux ba ya barin ram a banza, yakan cika shi da kwafin abubuwan da aka karanta daga faifai don kada a sake zuwa ɗauko su, kuma yana sakin wurin da zarar wata manhaja ta buƙata. A sandar htop ma wannan kaso launinsa daban ne, rawaya-rawaya, ba kore ba. Yaron yana da kaifin basira, abin da ke damunsa kawai gaggawar yanke hukunci daga lamba ɗaya, kuma ban ga bakin yi masa faɗa ba a ranar da ni kaina na tsallake rabin layin uptime.

Gab da azahar wata ta sake ɓullowa. df -h, mai nuna cikar faifai, ya nuna ɓangaren faifai mai suna /var ya cika har kashi 96 cikin ɗari, amma da na zagaya da ncdu ina tara girman manyan fayiloli, lissafin ya gaza da kusan gigabait 21. Na tambaye shi ko ya taɓa wani abu. Ya sunkuyar da kai ya ce jiya ya ga wani fayil na rikodin manhajar rajista ya kumbura, sai ya goge shi da rm don ya taimaka. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai a Linux goge sunan fayil ba ya 'yanta wurinsa muddin akwai aikin da ke riƙe da shi a buɗe, kuma da na duba sai na ga manhajar tana ƙirƙirar sabon fayil ne duk lokacin da ta tashi, yaron kuma ya sake goge na safiyar yau bayan ya ga ya fara girma da saƙonnin kuskure na lokacin cunkoson. lsof +L1, manhajar da Victor Abell ya raina shekaru da yawa a jami'ar Purdue, ta nuna fayil ɗin ƙarara: ba shi da suna, amma yana nan ana ta rubutu a cikinsa. Wani ɓangare na giɓin kuma tsofaffin kwafi ne da ke ƙarƙashin wata ma'ajiya da aka ɗora wani faifai a kanta, shi ya sa ncdu bai gan su ba. Muka jira aka tafi salla layi ya yi sauƙi, na sake tada manhajar, na kwashe tsofaffin kwafin, ɓangaren ya sauko zuwa kashi 61. Daga nan na sa shi ya rubuta wa wannan fayil ƙa'idar logrotate, manhajar da ke hana fayilolin rikodi kumbura, da kansa, ina tsaye a bayansa.

Da la'asar, da ƙura ta lafa, ya nuna mini btop a kwamfutarsa, yana cewa ya fi htop kyau nesa ba kusa ba. Gaskiyarsa ta fuskar kyan gani. Manhajar ta faro ne a matsayin bashtop, ta koma bpytop, sannan aka sake rubuta ta da C++ a 2021, kuma zane-zanenta na firosesa da faifai da hanyar sadarwa suna da daɗin kallo. Akwai kuma Glances ta Nicolas Hennion, da aka rubuta da Python, wadda ke tara kusan komai a allo ɗaya ta kuma canja launi idan abu ya kusa wuce iyaka, kuma na yarda da a ce ita na fara buɗewa da safe da ta nuna mini jiran faifai tun a kallon farko. Duk da haka, idan ina kan sabis mai tangal-tangal, ko na shiga na'urar da ban san abin da aka girka a kanta ba, hannuna ga vmstat da top yake tafiya, domin suna nan kusan ko'ina kuma rubutunsu ba ya da nauyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da shugabar sashenmu ta yi da yamma, cewa ko irin wannan ya taɓa faruwa a makonnin baya ba mu sani ba. Ban iya ba ta amsa ba, domin duk kayan da na yi aiki da su yau abin da ke faruwa a wannan daƙiƙar kawai suke nunawa, idan an rufe allo shi ke nan ya tafi. sysstat tana kan na'urar tun tuni, amma a Debian tattara tarihi a kashe yake zuwa, ni kuma ban taɓa kunna shi ba. Na buɗe /etc/default/sysstat na mayar da ENABLED zuwa true, ta yadda daga yau za a riƙa ɗaukar awo kowane minti 10, kuma sar, umarnin karanta wannan tarihi, zai iya gaya mini halin da faifai yake ciki da ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya. Na kuma cire Persistent=true daga agogon, na sa a maimakonsa a aiko mini da saƙo idan dare ya wuce ba a ɗauki kwafi ba, in ya so ni in zaɓi lokacin ramuwa. Takardar neman sababbin batira ma na rubuta ta, karo na uku ke nan.

Bayan sallar isha'i na sake shiga daga gida, zaman tmux ɗina yana nan yadda na bar shi da safe. Babu kowa a kan shafin rajista, lodi yana 0.30. Na aika wa rsync siginar CONT, ya ɗora daga fayil ɗin da ya tsaya a kai awa goma sha biyu da suka wuce, na zauna ina kallon iotop har ya kammala da ƙarfe tara da minti 40, wuta kuma ba a ɗauke ba tukuna.