Abin da akwatin tiyub ya koya mani a ɗan situdiyona

Shekara ta uku kenan ina ɗaukar murya a ɗakin zauren gidanmu nan Katsina wajen Ƙofar Marusa, kuma in aka ce in faɗi kayan da ya fi koya mani aiki to wani akwatin ƙarfe ne mai 'yar kwalba a ciki, wanda 'yan situdiyo ke ce ma canel sitirif. Ga wanda bai san shi ba, abu uku ne aka haɗa gida ɗaya. Akwai firiyam mai ɗaga murya, don abin da maik ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, sai kwamfuresa mai danne murya in ta yi sama da yawa, sai ikolaiza da kake rage kauri ko ƙara kaifi da ita. Murya ta bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya sannan ta shiga sawun kad, wato na'urar da ke kai sauti cikin kwamfuta. Mai tiyub shi ne wanda aka sa ma kwalba irin ta rediyon da, galibi 12AX7, a Turai su ce mata ECC83, kamfanin RCA na Amurka ya fito da ita tun shekarun 1940 kuma har gobe ana yin ta.

Tun ina yaron shago wajen ogana nike jin maganar "ɗumi", kowa ɗumi ɗumi, wai murya in ta bi ta tiyub sai ta fito da ɗumi da cika kamar ta manyan mawaƙa. Kana duba hotunan manyan situdiyo sai ka ga Avalon VT-737sp ko LA-610 na Universal Audio, kuɗinsu dala dubbai ne, ba namu ba ne kuma ban taɓa yaudarar kaina ba. Da na tara ɗan abin da na tara sai na sa aka sawo mani wani ƙaramin akwati daga Legas, mai arha, da 'yar taga a gaba kana hango kwalbar tana ja kamar garwashi. Wallahi ranar da ya iso har bayan isha'i ina zaune ina kallon hasken nan. Na yi wata biyu ina aiki da shi, ina gaya ma kowa murya ta canza, amma a zuciyata na san abin da nike ji kamar an yafa ma sifika tsumma ne, in na murɗa shi sosai kuma sai wani kaushi ya fito mai gundura.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mani. Shi tun zamanin rediyo mai kwalba yake aiki, na kai mashi akwatin don soket ɗinsa ya fara rawa. Ya kwance murfin, ya jona, ya duba ya ce "zo ka gani ɗana". Ashe hasken da nike kallo ɗan ƙwan LED ne ja aka liƙa bayan kwalbar. Ya ɗora mitarsa ya auna, ya ce wutar da ake ba kwalbar nan ba ta kai bolt 50 ba, alhali irin wannan kwalba sai ta sha bolt 100 zuwa 300 take aikinta yadda aka yi ta. Na ce to Baba kenan ba ta komai? Ya ce tana yi, amma aikin mai jin yunwa take, ainihin ɗaga muryar wasu ƙananan kaya ne na zamani ke yi, ita an bar mata ɗan shafa launi ne. Ya nuna mani adaftar da ke ba akwatin wuta, 'yar ƙarama irin ta rediyo, ya ce daga nan ma ya kamata ka fara zargi. Ban ce duk mai irin wannan ƙirar banza ba ne, akwai wanda yake so ya kuma samu abin da yake nema a ciki, ni dai abin da ya dame ni shi ne da ido na saya ba da kunne ba, kuma na yi wata biyu kunnena na faɗa mani gaskiya ina ƙin ji.

Na sayar da shi na ƙara kuɗi. A masu sauƙin kuɗi, na ɗaruruwan dala ba dubbai ba, waɗanda na fi ji ana ambato su ne PreSonus Studio Channel da ART Pro Channel II, dukansu da 12AX7 a ciki. Na PreSonus kwamfuresarsa irin mai saurin kamu ce da ake ce ma VCA, na ART kuma akwai wadda ke aiki da ɗan haske a ciki, tana kamu a hankali. Akwai dbx 286s wanda ba tiyub a cikinsa sam, kuma gaskiya ga mai yin sanarwa ko jingil na rediyo ni shi zan fara ce mashi ya duba, don yana da abin rage tsinin "s" da abin toshe hayaniya. Ni dai na PreSonus na samu, na hannu, ɗan tokumbo. Kuma nan ma saura ƙiris in yi asara, don kayan Amurka ne, na ɗauko waya zan jona ogana ya riƙe mani hannu ya ce juya bayansa ka karanta. An rubuta 120V. Wutarmu nan 230 ce. Sai da na nemo tiransifoma mai sauke wuta kafin na kunna, kuma har yau duk kayan da ya shigo ɗakin nan bayansa nike fara dubawa.

Babban darasin kuwa wani sha'iri ne ya jawo shi, mai bege, ya taso tun daga Daura da 'yan amshinsa biyu ana saura kwanaki Maulidi. Mutum ne mai murya, irin wanda zai fara baiti ƙasa-ƙasa kamar yana raɗa, in shauƙi ya ɗebe shi kuma ya ɗaga har kana jin ƙofar ɗaki na amsawa. Ni kuma ga sabon akwati ina so a san na saya. Na murɗa maɓallin tiyub ya wuce rabi, na sa kwamfuresa tana danne wajen desibel 10, allurar mitar da ke nuna dannewar sai kwanciya take, na kuma ƙara kaifi a ikolaiza. A hedifon lokacin abin ya yi daɗi, murya ta matso gaba ta yi girma, shi ma ya ce "injiniya madalla". Suka yi la'asar suka kama hanya.

Da dare na zauna miksin, wato haɗa sautin da daidaita shi, sai na ji abin da na yi. Duk numfashin da ya ja tsakanin baiti ya taso ya kai ƙarfin waƙar, don kwamfuresa in ta danne mai ƙarfi kai kuma ka ɗaga duka, to mai rauni ma ya tashi kenan, har ƙarar janaretan maƙwabta da ban ji ba da rana ta fito. Sannan ga harshenmu da "ts" da "sh" da "ƙ", duk inda ya ce tsarki ko shugaba sai ka ji kamar an soka maka tsinke a kunne saboda kaifin da na ƙara. Wurin da ya ɗaga murya kuma, wurin da ya fi kowane daɗi a ƙasidar, nan ta dakushe ta yi kaushi. Na buɗe filogin iri-iri, wato kayan gyaran murya na cikin kwamfuta, a manhajar Cubase har wajen ƙarfe biyu na dare, ba abin da ya gyaru. Da filogin na yi wannan kuskuren da sai in kashe shi kawai murya ta dawo yadda take, amma akwati kafin kwamfuta yake, abin da ya yi ma murya ya shiga cikinta kenan kamar gishiri a miya.

Da safe na kira shi na ce Malam a yi haƙuri, laifina ne ba naka ba, ina roƙon a dawo a sake, kuɗin mota na wuyana. Ya yi shiru kaɗan ya ce ba komai. Shirun nan ya fi mani faɗa zafi, don na san mutum ne mai hidima a wannan watan kuma kwana ɗaya a wajensa ba ƙaramin abu ba ne.

Da ya dawo ga yadda na yi, kuma kusan haka nike yi har yanzu. Na kunna akwatin minti 20 kafin su zo don kwalba ta ɗau zafi ta zauna. Na danna fantom na 48V, wato wutar da akwatin ke tura ma maik, don maik ɗin irin kondensa ne mai buƙatar wuta, na danna maɓallin 80Hz mai yanke gurnanin ƙasa, wanda ke rage har da ɗan kukan wuta na 50Hz. Na ce Malam fara mani da baitin da ka fi ɗagawa, ba na farko ba, a kansa na saita ƙarfi, ina kallon mitar kwamfuta kada ya wuce desibel -12. Kwamfuresa na bar ta 3:1, wato danni mai sauƙi, allura ba ta motsi sai ya ɗaga, in ta motsa ma desibel 3 zuwa 4. Maɓallin tiyub ɗan kaɗan. Ikolaiza ban ƙara komai ba. Na kuma matsar da shi baya kamar taƙi ɗaya daga maik, na ɗan karkatar da maik ɗin gefen baki don iskar "f" da "b" ta wuce. Muryar da ta shiga ba ta yi girman ta jiya a hedifon ba, har ɗaya daga 'yan amshin ya ce kamar ta jiya ta fi ƙarfi, na ce bari dai a gama. Da na zo miksin kusan ba abin da na taɓa, ɗan eko kawai. Ɗumin da nike nema shekara biyu ashe yawancinsa cikin muryar mutumin yake, aikin akwatin ya riƙe ta kada ta fashe, sai ɗan laushi da kwalbar ke sawa a saman murya wanda sai ka kasa kunne za ka ji.

Wani kuskure da na ga yara da yawa na yi, ni ma na yi shi kwanakin farko, shi ne a fito daga akwatin da wayar XLR, irin ta maik, a soka ramin maik na sawun kad. Firiyam biyu kenan a jere, murya ta fashe ka rasa dalili. A sawun kad irin su Focusrite Scarlett ramin haɗe yake, XLR ta kai ka ɓangaren maik, jak ɗin TRS mai dogon baki ya kai ka ɓangaren layin, na sautin da aka riga aka ɗaga, to da TRS za ka shiga kuma ka tabbata maɓallin INST, na kayan kiɗa irin su gita, a kashe yake.

Sai maganar garinmu. Kwalba zafi take fitarwa, ga zafin Afrilu a Katsina, ga fanka dole a kashe ta in ana ɗauka, don haka ban taɓa ɗora komai a kan akwatin ba, na bar mashi sarari sama da ƙasa, in an gama baiti a buɗe ƙofa kowa ya sha iska. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, tana shiga maɓallai ka murɗa ka ji ƙarar-ƙarar, shi ya sa da ya huce nike rufe shi da zane. Wuta kuwa ban yarda in jona shi kai tsaye ba, sai ta sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta kashe shi nike fara yi kafin a tada janareta. Na lura ma tun da na sa akwatin da sawun kad da sifiku kan soket guda kukan nan na ƙasa ya ragu sosai.

Canza kwalba ma na gwada, don ana ta zuzuta shi. Yanzu ƙasashe kaɗan ke yin ta, Silobakiya inda kamfanin JJ yake, da Rasha, da Sin, shi ya sa a 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi ta yi wuya ta yi tsada. Na sa JJ ɗaya, bambancin akwai amma bai kai na matsar da mawaƙi taƙi ɗaya ba, bai kuma kai na katifa biyu da na jingina a bango bayansa ba. Baba mai rediyo ne ya canza mani, ya hana ni sa hannu ciki, ya ce ko an cire waya kafasito na riƙe wuta mai iya jefar da mutum. Ya kuma koya mani yadda ake gane wadda ta fara lalacewa, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin akwatin da biro yana kunne, in ka ji ƙararrawa a hedifon to ta kusa. Tsohuwar da ya cire lafiyarta lau, na naɗe ta a auduga na sa cikin gwangwanin madara, tana nan saman kanta kusa da tiransifoma.