Siki mai nauyi da hawan dutse

Wallahi siki na, wato dogayen alluna biyun da ake ɗaurawa a ƙafa don zamewa a kan dusar ƙanƙara, mai faɗin milimita 116 a tsakiya, yana wahalar da ni wajen hawa, kowanne ɗaya ya haura kilo 2, ga fatar da ake mannawa a ƙasansa don kar ya zame baya ita ma faɗinta ya ƙara nauyi. Amma in na juyo gangara cikin dusar ƙanƙara sabuwa mai laushi kamar gari, sai ya riƙa yawo a samanta ba ya nutsewa, nan nake manta gajiyar.

Maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin siki ne ya fi ba ni ciwon kai. Na fara da mai firam, wato sandar da ke ƙarƙashin takalmi daga yatsu zuwa dunduniya, duk taku sai ka ɗaga firam ɗin gaba ɗaya tare da dunduniya, kafin awa biyu cinyoyina sun mutu. Mai ƙusa biyu da ke kama gaban takalmi, irin na kamfanin Dynafit, ba nauyi, to amma a kan faffaɗan siki ina jin ƙafata na rawa in na yi gudu. Yanzu maɗaurin Shift na kamfanin Salomon nake sawa, wanda ya fito a 2018, da ƙusa kake hawa, in za ka sauko ka juya shi ya kama takalmi kam. Ƙanƙara kan cushe cikinsa dai, sai na tsaya na kankare.