Abin da na sauke a wayata da abin da ya kwashe

Ƙannena, kusan shekara uku na yi ina caca a waya kafin Allah Ya raba ni da ita, kuma duk tsawon lokacin abu ɗaya nake nema: manhajar da ta dace. Duk asarar da na tafka, sai in ce ai ban dace da kamfanin kirki ba ne, ko kuma akwai wata manhaja da masu ci suke ɓoyewa. Yanzu ina jin yaran da na girme wa nesa ba kusa ba suna irin tambayar da na yi ta yi, wai me ake saukewa a shiga gidan caca na intanet. Shi ya sa na ga ya kamata in gaya muku abin da na sauke, ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ya jawo mini.

Da farko ku sani, a yau ba a buƙatar sauke komai. A da can ne, tun wajen 1994 da kamfanoni irin su Microgaming suka fara wannan harka, sai mutum ya girka manhaja a kwamfuta kafin ya yi wasa. Daga baya wasannin suka koma kan Flash, wata fasahar kunna wasa a cikin burauza, shi ma aka daina shi a ƙarshen 2020. Yanzu da HTML5 ake gina su, suna buɗewa a burauza kamar kowane shafi. Ni ban san haka ba a lokacin. Wani dare aka turo mahaɗi a wani zauren hira da nake ciki, aka ce sabuwar manhaja ce mai saurin biya. Fayil ne na APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android, ba daga Play Store ba. Wayar ta yi mini gargaɗi cewa ba ta san inda fayil ɗin ya fito ba, na shiga saiti da hannuna na buɗe masa ƙofa. Da ya hau sai ya nemi izinin karanta saƙonnina da ganin lambobin mutanena, na danna amincewa ban ko tsaya na tambayi kaina me wasan kati zai yi da saƙon tes ba. Bayan kwana goma sha na tashi da safe na tarar an yashe asusuna na banki. Lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da fitar kuɗi, manhajar ce take karantawa ta tura wa masu ita tun kafin in gani. Sai da na goge wayar kakaf na canja duk kalmomin sirrina, kuɗin kuwa ko ƙwandala ba ta dawo ba.

Wannan ya isa ya farkar da ni, amma darasin da na ɗauka shi ne in nemi masu gaskiya. Na koyi duba lasisi a ƙasan shafi, na san hukumar caca ta Malta da ta Birtaniya masu ba da lasisin, na san cewa akwai masu gwada wasanni irin su eCOGRA da GLI. Na sami shafi mai lasisi na gaske, wanda ke biya idan an ci. A nan na yi asarar da ta ninka ta ɓarayin can sau da yawa, kuma ba a cuce ni da ko sisi ba. Nan nake so ku natsu.

A cikin kowane wasa akwai injin da ke fitar da lambobi ba tsari, ana ce masa RNG. Masu gwaji suna tabbatar da cewa ba a murɗe shi ba, wannan gaskiya ne. Ribar gidan caca ba a cikin injin take ba, tana cikin ƙa'idar biya. Ɗauki rulet, wasan da ake juya faifai mai lambobi a jefa ƙwallo a ciki, irin ta Turai: gurabe 37 ne, daga 0 zuwa 36, amma in lambarka ta fito ninki 35 za a ba ka a kan abin da ka zuba. Wannan ɗan giɓin shi ne kashi 2.7 cikin ɗari na gida. Ta Amurka mai sifili biyu gurabenta 38 ne, nata giɓin ya haura kashi 5. Wasannin juya hotuna kuwa za ka ga an rubuta suna mayar da kashi 96 cikin ɗari, sai zuciyarka ta ce ai huɗu ba komai ba ne. Ni ma haka na ce. Abin da ban lura da shi ba shi ne, huɗun nan ana cire su ne a kan kowane juyi, har da kuɗin da ka ci ka sake zubawa. In kana zuba 10 kana juyawa sau 600 a awa ɗaya, abin da ba shi da wuya a waya, ka zagaya da 6,000 ke nan, kuma a matsakaicin lissafi 240 sun tafi. Gobe ma haka. Wata rana za ka tashi da riba, shi ne abin da ke riƙe mutum, amma iya daɗewarka a ciki iya kusantarka da wancan lissafin.

Garaɓasar maraba ma na faɗa mata. Aka ba ni 100 kyauta da sharaɗin sai na zagaya da ita sau 35 kafin in cire. Wato sai na zuba 3,500. Kashi huɗu na 3,500 ya kama 140, ya ma fi kyautar yawa. Sai bayan na bar caca na zauna da biro na yi wannan lissafin da ɗan firamare zai iya yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne manhajar hasashe. Akwai wasan nan da ɗan jirgi ke tashi, ninkin kuɗi yana hawa, sai ka cire kafin ya faɗi. Na biya wani kuɗi masu kauri don ya ba ni manhajar da za ta riƙa gaya mini inda jirgin zai tsaya. Ya nuna mini bidiyo, lamba na fitowa daidai sau biyar a jere. Da na karɓa, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kauce, kamar yadda zan yi da ka. Na yi masa ƙorafi, ya ce sai na ƙara kuɗi a buɗe mini babbar. Na ƙara. Sakamakon wasan a kwamfutocin kamfani ake fitar da shi, abin da ke wayarka hoto ne kawai na abin da aka riga aka yanke, babu wata manhaja a hannunka da ke leƙa can. Kuma wanda ya mallaki abin da ke cin gidan caca kullum, me zai kai shi sayar da shi ga baƙo?

Har littafi na buɗe ina rubuta launin da ya fito a rulet, ina jiran ja bayan baƙi ya yi yawa. Injin ba shi da ƙwaƙwalwar tuna juyin baya. A Monte Carlo a 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere a teburin rulet, mutane suka yi ta narka dukiya a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi. Ni ma tunaninsu na yi, ina kwance a kan gado da ƙarfe biyun dare.

VPN kuwa, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, kada ma ku fara. In ka ɓoye ƙasarka ka shiga shafin da bai yarda da ita ba, zuba kuɗi zai yi sauƙi, ranar cirewa ce za a nemi katin shaida da adireshi, a rufe asusun saboda ka karya sharaɗi.

Akwai wani abu a ƙirar manhajar da sai daga baya na gane shi. Ka zuba 10, a dawo maka da 4, amma allon ya ɗauki walƙiya da kiɗa kamar ka ci. Ko hotuna biyu su yi daidai, na ukun ya tsaya gab da layi, ka ji kamar saura ƙiris. Da gangan aka tsara su haka. A 2021 hukumar caca ta Birtaniya ta hana wannan murnar a kan abin da bai wuce kuɗin da aka zuba ba, ta hana wasa ya riƙa juya kansa, ta kuma ce kada juyi ɗaya ya gaza daƙiƙa biyu da rabi. Hukuma ba ta kafa irin wannan doka a kan abin da ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Na san hukuncin caca a addinina tun ina yaro, amma ban fasa ba, don haka ba na raina wanda ya kasa dainawa da wa'azi kaɗai.

Ranar da na yanke shawara, ban dogara da ƙarfin zuciyata ba, domin ta sha ba ni kunya. Na shiga kowane shafi na nemi a rufe asusuna na dindindin, na goge manhajojin, na fita daga zaurukan da ake turo sakamako. Sannan na sa manhajar toshe shafukan caca. Akwai BetBlocker, kyauta ce, akwai kuma Gamban. Na zaɓi wa'adi mafi tsawo, na kira yayana na gaya masa adadin bashin da ke kaina ba tare da na rage ko ɗaya ba, na ba shi katina ya riƙe. Watannin farko yatsana kan tafi da kansa inda alamar manhajar take a fuskar waya. Shekara biyu na ɗauka ina biyan bashin.