Kwana biyu a Clanwilliam, garin jan shayi

A watan Fabrairu na kammala aikin da ya kai ni birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, sai na ga saura kwana biyu jirgina ya tashi, na yanke shawarar in je in ga inda ake noman shayin da aka yi ta ba ni a masauki tun ranar da na sauka. Sunansa rooibos, ana furta shi kamar "roibos", kuma a harshen Afrikaans ma'anarsa jan tsiro. Gaskiya kofin farko bai burge ni ba, domin na tashi ne da shayin teburin mai shayi, mai kauri, wanda ya ji madara da sukari, wannan kuwa na ji shi salam kamar ruwan zafin da aka rina. Da na faɗa wa wani abokin aikina ɗan ƙasar haka, sai ya yi dariya ya ce ba a yanke wa rooibos hukunci da kofin otel, ya kuma yi alkawarin kai ni garinsa da motarsa.

Mun fita bayan sallar asuba, muka kama hanyar N7 wadda ta miƙe arewa har iyakar Namibiya. Tafiyar kilomita kusan 230 ce. Mun ratsa gonakin alkama na Swartland waɗanda aka riga aka girbe, muka hau mashigin dutse na Piekenierskloof, muka gangara kwarin Citrusdal mai cike da gonakin lemu, sannan muka bi gefen kogin Olifants har Clanwilliam, ƙaramin gari a gindin duwatsun Cederberg. A can watan Fabrairu tsakiyar zafi ne, ruwan samansu kuwa da sanyi yake zuwa, wajen Yuni zuwa Agusta, saboda haka ranar da ta tarbe mu ba ta da maraba da ta bazarar Sakkwato.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gonar da muka shiga shi ne tsiron kore ne shar, babu alamar ja a ganyensa. Tsayinsa ya kai ƙugu, ganyensa sirara kamar allura, yana tsaye cikin rairayin da manomi a wurinmu zai ce ba ya ba da komai. Danginsu ɗaya da wake da gyaɗa, kuma wannan yanki kaɗai ne ake noma shi a duniya. Ma'aikata na yankansa da lauje suna ɗaure shi dami-dami, daga nan a kai shi injin da ke daddatsa shi ƙanana. Ja ɗin a masussuka yake zuwa, wani faffaɗan fili mai daɓen siminti inda ake murje ganyen, a yayyafa masa ruwa, a tara shi tsibi-tsibi ya kwana yana gumi. Da gari ya waye sai a tarar ya rikiɗe ya zama ja, a baza shi a rana ya bushe. Na durƙusa na damƙi danshinsa na shinshina, na ji ƙamshi tsakanin na zuma da na busasshiyar ciyawa da aka yi wa yayyafi, kuma ƙudan zuman da ke shawagi a kan tsibin sun nuna ba ni kaɗai na ji ba.

Mai gonar ya ce tun kafin a san kasuwarsa mutanen wannan tsauni, jikokin Khoi da San, ƙabilun da su ne mazaunan farko na wannan yanki, ke hawa su yanko shi a daji. A shekarar 1904 wani baƙo daga Rasha, Benjamin Ginsberg, ya fara saye yana sayarwa, amma nomansa ya gagara har wajen shekarun 1930, lokacin da likitan garin, Dakta Pieter Nortier, ya gano cewa sai an kankare ɓawon irin kafin ya tsiro. Samun irin ma wahala ne, domin kwanson fashewa yake yi ya watsar da ƙwayar cikin rairayi, har aka lura tururuwa na kwashe ta zuwa gidanta, aka riƙa tono ta daga can. Duk wanda ya taɓa ganin tururuwa na jidar gero a bakin masussuka ba zai yi musun wannan labari ba.

Da la'asar muka shiga wani gidan shayi a cikin gari, inda wata dattijuwa ta jera mini ƙananan kofuna a faranti. Na miƙa hannu ga wanda ƙamshin banila ke tashi daga gare shi, sai ta tare ni ta ce, "Yallaɓai, fara da zallarsa, in ka fara da masu ƙamshi harshenka ba zai ƙara jin sa ba." Nata zallar ya daɗe a buta har ya yi ja mai duhu, kusan kamar zoɓo, kuma a nan na gane laifin kofin otel: tsoma jakar ake yi a cire cikin gaggawa. Baƙin shayi in ya daɗe a ruwa bauri yake yi, shi kuwa wannan ƙara gardi yake yi, da wani ɗan zaƙi na kansa da ke zuwa a ƙarshen kurɓa, ba tare da an sa sukari ba. Na shanye na nemi ƙari. Bayansa ta ba ni koren rooibos, wanda ake busarwa nan take ba a bari ya yi gumi, ruwansa fatsi-fatsi, ɗanɗanonsa na ɗanyar ciyawa. Ban ƙi shi ba, amma bai zauna mini ba.

Sauran kofunan iri biyu ne, kuma ta bambance mini su sarai. Akwai waɗanda ƙamshi kawai aka sa wa ganyen, akwai kuma waɗanda aka haɗa da wani abu da ido ke gani a cikin garin shayin. A kashin farko na banila ya fi dacewa, domin zaƙinsa ya bi layi ɗaya da na rooibos, ya fito da shi maimakon ya danne shi. Na cakulan da na narkakken sukari kuwa kurɓa ɗaya na yi na ajiye, domin hanci yana jin alewa, harshe yana jiran abin da bai zo ba, shayin kuma ya ɓace a tsakani. Kashi na biyu ne ya fi riƙe ni. Haɗin citta da kirfa da kanumfari ya zo mini kamar ɗan gida, sai dai a nan yajin ba ya kokawa da ɗacin ganye, shimfiɗa kawai ya samu ya kwanta. Na ɓawon lemu ta ba ni shi da sanyi da ƙanƙara, kuma a irin wannan zafi babu wanda ya kai shi. Akwai haɗi da buchu, wani ganyen magani na waɗannan duwatsu mai ƙarfin ƙamshi kamar na na'a-na'a, wanda na sha da girmamawa amma ban sake nema ba, da kuma haɗi da honeybush, ɗan'uwan rooibos da ya fi shi zaƙi.

Na ce mata, "Mama, ke wanne kike sha a gida?" Ta ce zallarsa, da safe da madara tana tsoma busasshen burodin da suke kira beskuit, da dare kuma da zuma kaɗan, har jikokinta tana ba su, tun da ba shi da sinadarin nan na kofi da baƙin shayi mai hana barci. Na gaskata ta a daren nan, domin duk da kofunan da na jera, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Washegari kafin mu juya na koma sayen tsaraba. Abokina ya nuna mini cewa tun 2021 Tarayyar Turai ta amince kada a sayar da wani abu da sunan rooibos a ƙasashenta sai wanda aka noma a wannan yanki, kuma shi ne kayan Afirka na farko da ya samu wannan matsayi. Ya ƙara da cewa a 2019 an ƙulla yarjejeniyar ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da ake sayen ganyen daga gona, kason da a ganina ya yi kaɗan in aka dubi waɗanda suka fara hawa dutsen. Na sayi ƙunshi huɗu na zallarsa, biyu na citta da kirfa, da ɗaya na banila saboda yara. Dattijuwar ta leƙa jakar, ta ƙara mini ƙaramin ƙunshi na ɓawon lemu a matsayin gyara, ta kuma ja kunnena cewa kada in sauke butar kafin minti goma.