Abin da direbobin hanyar Tsafe suka koya mini game da sabis

Lokacin da aka sa ni cikin masu tsara yadda motocin haya da ke tashi daga Gusau za su riƙa amfani da intanet, ba abin da ke kaina sai 5G, sabuwar fasahar intanet ta waya mai saurin gaske. A Disamban 2021 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon sadarwa na 3.5GHz don 5G, kamfanonin MTN da Mafab suka saya, kowanne a kan dala miliyan 273.6, kuma a 2022 MTN ya fara aiki da shi a birane irin su Legas, Abuja da Kano. Mu kuwa abu uku aka nema a hannunmu: na'urar bin sawun mota, biyan kuɗin mota ta waya, da madannin neman agaji kusa da sitiyari.

Mako uku na yi a ofis ina zana taswirar wuraren da ke da sabis a hanya. Ranar da na kai ta tasha, wani dattijon direba ya shimfiɗa ta a kan bonet, ya ɗora yatsa wajen Kwatarkwashi. "Ɗana, wa ya ce maka akwai sabis a nan?" Na ce, "Baba, lissafi ne ya nuna." Ya ce in shigo gaba.

Na zauna kusa da shi, kwamfuta a cinyata tana auna ƙarfin sabis. Muna doso duwatsun ya ce, "Yanzu zai ɗauke." Bai rufe baki ba sandunan sabis suka zube. Har muka wuce Tsafe, duk inda ya ce zai ɗauke sai ya ɗauke, inda ya ce zai dawo ya dawo. Shekaru yana lura, domin ya san inda zai kira gida ya ce ya wuce lafiya.

Dalilin na karanta shi a makaranta, amma ranar ya shige ni. Zangon sama kamar 3.5GHz yana ɗaukar kaya da yawa, sai dai ba ya cin nisa, dutse kuma yana tare shi. Na ƙasa, irin 700 zuwa 900MHz, shi ke ratsa daji. Ga shi mota ba a tsaye take ba: waya na sakin wannan ƙarfen sabis ta kama na gaba, in tazarar ta yi yawa sai kira ya yanke. Wani ƙarfen ma yana nan tsaye, amma janaretonsa ba gas, saboda mai kai man yana tsoron hanyar. Taswirata ba ta san da wannan ba.

Da muka tsaya shan shayi ya tuna mini Satumban 2021, da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Ya ce lokacin aljihun motarsa cike yake da wasiƙu, wannan ta ɗalibi, waccan ta mai jinya. Jikina ya yi sanyi. Ni da na zauna a jihar nan a watannin, na zana tsarin da in sabis ya ɗauke komai ya tsaya.

Muka sake lale. Na'urar bin sawu za ta ajiye bayanan tafiya a cikinta, ta tura su da zarar ta kama ƙarfe. Kuɗin mota a karɓe shi a tasha, inda sabis ke da ƙarfi, kuma mai tsabar kuɗi kada a kore shi. Maganar 5G muka barta ga tashoshin cikin gari zuwa gaba. Madannin agaji muka mayar da shi saƙon tes a kan 2G, tsohuwar fasahar kira da tes, don shi ne ke fita ko da sanda ɗaya ce.

Wannan madannin ne har yau ke hana ni barci. Wuraren da direba ya fi bukatarsa su ne wuraren da ba sanda ko ɗaya. Na koma tasha da littafi, direbobin Funtuwa, Talata Mafara da Kauran Namoda suka yi ta nuna mini inda sabis ke mutuwa, ina sa jan biro. Littafin nan na ɗora a kan teburi ranar da aka zauna maganar inda za a kafa sababbin ƙarafa masu sola.