Taybeh, ƙauyen da Salahuddini ya sauya wa suna

Daga Ramallah muka shiga ƙaramar motar haya, muka nufi arewa maso gabas. Hanya sai kwana-kwana take tsakanin gonakin zaitun, har muka hango gidajen farin dutse a kan tudu, da hasumiyoyin majami'u uku: ta Otodoks, ta Katolikan Latin, da ta Melkawa, wato Katolika masu bin tsarin ibadar Girkawa. Wannan ce Taybeh, a Yammacin Kogin Jordan, ƙauyen Falasɗinawa da kusan kowa a cikinsa Kirista ne.

Tudun ya kai mita 850. In ka tsaya a bakinsa ta gabas, ƙasa sai ta gangara ta koma hamada, har kwarin Jordan. Mutanen garin sun yi imani nan ne Ifraimu, inda Linjilar Yohanna ta ce Yesu Almasihu ya keɓe da almajiransa bayan ya ta da Li'azaru daga matattu.

Wani dattijo da ya zaunar da mu ya ba mu gahawa shi ya ba ni labarin sunan. Da can Afra ake ce wa garin. A 1187, shekarar da Salahuddini Al-Ayyubi ya ci yaƙin Hittin, ya yada zango a Tal Asur, nan kusa, mutanen Afra suka je gaishe shi. Karamcinsu ya burge shi, amma sunan garinsu bai yi masa daɗi ba, don yana kama da ifiritu. Sai ya ce mutanen kirki irin waɗannan sunan Ɗayyiba, wato Taybeh, ya dace da su. Labarin kaka da kakanni ne, kuma da alfahari suke ba da shi. Ni ma ya taɓa min zuciya, ganin sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu mata a ƙasar Hausa ne.

Inda na fi daɗewa shi ne kangon cocin Al-Khadr, wato Waliyyi Jojis, wanda aka gina tun zamanin Rumawa. Rufin ya tafi, amma kwamin baftisma na dutse yana nan. A bakin ƙofa akwai busasshen jini: har yau wanda ya yi bakance yakan yanka rago a wurin, ya rabar da naman.

Gidaje da yawa a kulle na same su. Masu su suna Amurka da sauran ƙasashe, kuma 'yan garin da ke waje sun ninka na gida.