Nick Saban da aikin da ba a gani ranar Asabar

Duk wanda ke bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i ya san koci Nick Saban, kofin ƙasa 7 ne a hannunsa, ɗaya a jami'ar LSU a 2003, sauran 6 a jami'ar Alabama daga 2009 zuwa 2020. Amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali a tarihinsa shi ne inda abin ya ƙi masa. Ya je ƙungiyar Miami Dolphins a NFL, gasar ƙwararru, a 2005, sizin biyu ya yi, ya ci wasa 15 aka doke shi 17, ya tattara ya dawo jami'a.

Dalili kuwa a fili yake. A NFL ba kai kake ɗibar wanda ranka ke so ba, ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa, ga kuma iyaka a kan albashi. A jami'a kuwa koci ne da kansa zai bi gida-gida, ya zauna a falo da iyayen yaro ɗan sakandare, ya lallashi uwa ya gamsar da uba cewa ɗansu zai yi karatu kuma zai kai NFL, gobe ya tashi sai wata jihar, haka ake yi duk shekara domin yaran shekara uku huɗu suke yi su wuce. A nan Saban ya fi kowa, wallahi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma babu kyamarar da ke nunawa ranar Asabar da ake buga wasannin jami'o'i.

Sannan ga zuciya. Fainal ɗin Janairun 2018 tsakanin Alabama da jami'ar Jojiya, Jojiya na gaba da 13 da nema aka tafi hutun rabin lokaci, sai ya ajiye Jalen Hurts a benci, kwatabak ɗin (mai jagorantar kai hari) da ya kawo su har wajen, ya sako Tua Tagovailoa ɗan aji ɗaya. Da abin ya ɓaci da ya sha zagi har ya gaji. Suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci.

Farkonsa ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙaramin mataimaki a jami'ar Kent State, kujerar babban koci sai 1990 a jami'ar Toledo yana dab da shekara 40.

Ya yi ritaya a Janairun 2024, lokacin harkar ta riga ta canza. Tun 2021 aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu, kuma yaro na iya sauya makaranta ba tare da ya zauna shekara ɗaya ba wasa ba. Na san hakan ya ƙara wa kociyoyi wahala, yanzu har naka sai ka sake lallashinsu duk shekara. Amma gaskiya a nan ina tare da yaran, Alabama ta ɗauki Saban a 2007 kan dala miliyan 32 na shekara 8, su kuma masu karyewa a fili gaban mutum dubu 100 sikolashif kawai ake ba su a lokacin.